Sashen haƙori na babban asibitin ƙaramar hukuma: yadda suke yi da kogon haƙorin yara

Sashen ɗaki ɗaya ne a wani asibitin karkarar Jigawa, kujera ɗaya, likita ɗaya da mataimakiya. Ranar kasuwa ya fi cika, kuma yawancin yaran sai haƙori ya hana barci ake kawo su.

Inda suka fi burgewa shi ne ciko. Idan kogon bai kai jijiya ba, ba a jiran wuta ko janareta. Likita yakan kankare ruɓaɓɓen wurin da ɗan cokalin ƙarfe, ya tare yawu da auduga, a kwaɓa garin ciko na gilas ayonoma, ya cusa, ya danne da yatsa mai ɗan basilin, ya ce kada yaro ya ci komai sai bayan awa ɗaya. Dabarar ART ke nan, wato ciko da kayan hannu ba tare da injin haƙa haƙori ba, wadda aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980. Cikon yana sakin fuloraid a hankali, amma yawu ne abokin gabansa: in ya jiƙa wurin kafin garin ya kama, ba a daɗewa yake faɗowa. Nan suna kiyayewa sosai.

Allurar kashe zafi ma bisa ƙa'ida ake yi. Ana ɗora yaro a sikeli tukuna, domin lidoken, maganin da ke cikin allurar, ga yara bai kamata ya wuce miligiram 4.4 kan kowane kilo ba. Ke nan kason yaro mai kilo 16 bai kai cikakkun ƙananan kwalaben allurar biyu ba.

Matsalar tana wajen cira. Uba ya ce, "Likita, a cire kawai, ai zai yi famfara," sai a biye masa. Alhali turmin ƙarshe na haƙoran yarinta ba ya faɗuwa sai shekara 10 zuwa 12. In aka cire shi a shekara 5, turmin dindindin da ke fitowa a shekara 6 sai ya matso gaba ya cinye gurbin, haƙorin da zai maye gurbin wanda aka cire ya fito a karkace. Haka kuma ana yawan rubuta amoksisilin don ciwo kawai, ba kumburin fuska, ba zazzaɓi. Wannan ba ya warkar da kogo.

Babu man fuloraid da ake shafawa sau biyu a shekara, babu kuma SDF mai kashi 38, ruwan da ke tsayar da ruɓa ko da yake yana baƙanta wurin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin muhimman magunguna a 2021. Ba a kuma rubuta ranar dawowa a kati.

Iyaye su tambaya da kansu: kogon ya kai jijiya? Za a iya cikewa? A gida kuwa, man goge baki mai fuloraid kamar ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar wake ƙarama daga 3 zuwa 6, safe da dare, a rage alawa da lemon kwalba tsakanin abinci. In kumburi ya doshi ido ko ƙasan haɓa, a nemi takardar tura yaro asibiti mafi girma a ranar.