Gashin zabon da muke sharewa, a nan da dala ake sayensa

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da yara suna lafiya. Ka tambaye ni abin da nake ɗaurawa a hoton nan da na tura. Ƙugiyar fatsa ce, amma wadda aka yi wa sutura da gashin tsuntsu. A nan Kanada sunanta fulai, da ita ake neman wani kifi mai suna sitilhed, wanda ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya tafi teku ya girma, ya dawo gida zuba ƙwai. Nakan je kogin Vedder da ke Chilliwack, gabas da Bankuba, daga Disamba zuwa Afrilu.

Irin wadda nake ɗaurawa ana kiranta Intruder. Ed Ward da Jerry French da Scott Howell ne suka fito da ita a farkon shekarun 1990. Tsawonta ya kai yatsa ko ya fi. Ba a kan ƙugiyar ake ɗaura gashin ba: akwai siririn ƙarfe, sai a lanƙwasa waya ko zare mai ƙarfi a bayansa, a rataya ƙaramar ƙugiya. Doguwar ƙugiya kifi kan yi ta murɗa ta har ta fita, ko ta yage masa baki. Gajeriyar tana riƙewa, in kuma ta dakushe a dutse sai ka sauya ta, aikinka bai lalace ba.

Ranar da na fara shiga shagon kayan fatsa, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne gashin zabo, ɗige-ɗigensa na nan, an rina shi shuɗi da ruwan hoda, an ƙulle a 'yar leda da farashi a jiki. Na tuna tulin da muke sharewa bayan an fige zabi ranar Sallah. Kusa da shi ga gashin jimina, ga lallausan gashin talotalo da suke kira marabu, ga fatar zomo an yanka siri-siri kamar aikin dukawa.

Da farko tsadar ta kore ni, na koma intanet na sayi babban ƙunshi mai araha. Araha ba ta ado. Gashin jiminar ya zo gajere, rini ya cinye silinsa, ina jansa yana karyewa. Na jiƙa baƙin a ruwan ɗumi, kofin ya koma kamar an wanke alkalami, abin da marinin Ƙofar Mata ba zai yarda ya fita daga hannunsa ba. A shago kuwa, mai kayan ya buɗe mini leda uku, ya ce in ɗaga kowane gashi sama in busa. Wanda silinsa ke rawa ɗaya-ɗaya shi ne mai kyau. Ya kuma hana ni sayen idon dalma mai nauyi da na ɗauka, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa fulai a kai don ta nutse, ya ba ni ƙaramin na tagulla, ya ce wurin da zan je ba shi da zurfin da zai buƙaci wancan. Mutumin ya rage wa kansa ciniki don ya gaya mini gaskiya, shi ya sa ban sake sayen gashin da ban taɓa da hannuna ba.

Sirrin aikin a kafaɗa yake. Za ka naɗa dunƙulen gashi mai tauri a wuri biyu, gaba da baya, shi ke tokare silin jiminar don kada ruwa ya kwantar da shi. Sili goma sha biyar ko ashirin sun isa kowace kafaɗa. Wanda ya cusa da yawa zai samu abu mai shan ruwa, mai wuyar jifa, wanda ba ya nutsewa. Ana so fulai ta cika ido a ruwa amma haske na ratsa ta. Ni a bahon wanka nake gwada kowace, in ga tana buɗewa tana rufewa.

Doka a nan ba wasa. Sai da lasisi da ƙarin hatimi na sitilhed, ƙugiya ɗaya tak, kuma a danne ƙayarta. Kifin da ya tashi a kogi dole a mayar da shi da ransa. Wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo ne kaɗai ake iya ɗauka, ana gane shi da ɗan fiffiken baya da aka yanke. Na san Baba, Allah ya jiƙansa, da ya ji an saki kifi mai tsawon hannu sai ya girgiza kai, amma kifin ya yi ƙaranci a koguna da yawa.

Kada ka aiko mini da gashin zabo ta hannun kowa. Ma'aikatan kan iyaka suna tsananta bincike a kan ɗanyen gashin tsuntsu saboda murar tsuntsaye, zai jawo wa ɗan saƙon matsala. Ni zan tura maka fulai guda biyu, shuɗiya da baƙa, ka gwada wa giwan ruwa a Yawuri idan ruwa ya ja baya.