Gargaɗi: Mai Tallar Tsofaffin Kwamfutoci da Ke Sayar da Ƙwarya Ba Ciki

Assalamu alaikum jama'a, musamman masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci da na'urorin gem na da a nan Kaduna da kewaye. Akwai wani mutum da ke talla a Facebook da zaurukan WhatsApp, yana cewa yana shigo da tsofaffin kwamfutoci daga Ingila da Jamus, ya gyara, ya gwada, sannan ya sayar. Ya cuce ni, ya cuci wani yaro da ya koyi aiki a hannuna, kuma yanzu haka tallarsa tana yawo da sabon suna da sabuwar lamba. Sunan da ya ba ni ma ba nasa ba ne, don haka yadda yake aikin zan bayyana, shi ne ba ya canzawa.

Sana'ata gyaran talabijin da rediyo ce a Tudun Wada, na fi shekara 20 a kai. Amma a kan Commodore 64 na fara taɓa kwamfuta ina ɗan sakandare, a gidan wani kawuna, kuma tun lokacin nake burin mallakar tawa. Ta fito a 1982, kamfanin ya durƙushe a 1994, saboda haka duk ta asali da ka gani yau ta haura shekara 30. Samun mai lafiya a ƙasar nan sai an tona.

Da na ga tallar, na nemi bidiyo. Ya turo. Ga shuɗin allon nan da na sani, ga rubutun 38911 BASIC BYTES FREE, ga READY a ƙasa. Na ce ya buga sunana in gani, ya buga. Sannan ya ce, "Baba, tsohuwar adaftarta na jefar, don irinsu ne ke ƙona RAM. Sabuwa zan haɗo maka." Wannan maganar ce ta kama ni, domin gaskiya ce. Adaftar asali ta Commodore idan ta tsufa, wutar bolt 5 da take bayarwa takan haura, ta kashe ayisin da ke cikin kwamfutar, wato ƙananan baƙaƙen sassan lantarki masu ƙafafu da yawa. Na ce a raina wannan ya san aiki. Muka daidaita a kan naira 185,000. Na tura rabi kafin alƙalami, ya ce ya sa a mota, in je tashar Kawo in karɓa. Direban, wanda ba ruwansa, ya ce an gaya masa kada ya saki kwalin sai mai kaya ya ga alat na cikon kuɗi. Na tura.

A gida na jona, ta kama. Amma hannun mai gyara ba ya barin abu a rufe. Noti uku ne kacal a ƙasanta. Da na buɗe sai na tsaya cak. Fanel ɗin Commodore 64, wato allon da ke ɗauke da sassan lantarkinta, babba ne, yana cika ƙwaryar daga gefe zuwa gefe. Abin da na tarar shi ne Raspberry Pi, wata ƙaramar kwamfuta ta zamani kamar katin ATM, da aka sa wa manhajar da ke kwaikwayon Commodore 64, an manne shi da gam, an ja masa waya zuwa zagayayyen soket ɗin bidiyo na baya, da wani ƙaramin allo da ke haɗa shi da kibod. A gefe kuma ya manna guntun ƙarfe don kada mutum ya ji ta sakayau a hannu. Sauran soket ɗin baya, na kaset da na katirij, ramuka ne kawai, ba abin da ke bayansu. Na kira shi, ya ce yana kan hanya zai neme ni. Kafin magariba ya rufe layin.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba ni da matsala da manhajar kwaikwayo. Ni kaina ina amfani da irinta mai suna VICE a laftof ɗina, kyauta ce, kuma waɗanda suka rubuta ta sun yi wa duniya hidima, don da ita ne yaran da ba su taɓa ganin na'urar ba suke sanin yadda take. Akwai ma masu sa Raspberry Pi a cikin ƙwaryar da fanel ɗinta ya mutu, su faɗa maka ƙarara, su sa kuɗin da ya dace. Wannan halal ɗinsu ne. Abin da mutumin nan ya yi algus ne: ya sayar da kwaikwayo da sunan asali, a kan kuɗin asali. Kuma ku lura, gwajin da na yi masa na buga suna ba ya tsinana komai, domin manhajar kwaikwayo ma za ta buga sunanka tsaf.

Na yaron nan kuwa ya fi ciwo. Shi fanel na gaske aka aiko masa, amma tare da tsohuwar adafta ta Amurka. Wutar can bolt 110 zuwa 120 ce, tamu 230. Yaro ya jona a soket ɗin gidansu a Barnawa, hayaƙi ya tashi. Da ya kira, sai mutumin ya ce, "Ai kai ka ƙona ta, lafiya lau na aiko." Yaron ya yi mako biyu yana zargin kansa kafin ya kawo mini.

Na sa mata adafta mai kyau, allo baƙi ƙirin. Na duba ayisin hoto, 6567 ne, wato na tsarin NTSC na Amurka, alhali an ce masa daga Jamus ta zo, inda ya kamata a ga 6569 na PAL irin talabijin ɗinmu. Sai na koma kan ayisin sauti, SID, wanda shi ne mafi tsada a jikin na'urar, don an daɗe da daina ƙera shi. An rubuta 6581 a kansa, rubutun fes kamar jiya aka buga, alhali duk maƙwabtansa sun dushe. Na ɗiga asiton a auduga, irin wanda mata ke goge jan farce da shi, na murza. Baƙin fenti ya biyo audugar, rubutun ya tafi, ga alamar an kankare wani rubutu a ƙasa. Wani ayisi ne daban mai ƙafa 28 aka yi wa kwalliya aka cusa. Na gasken an cire shi tun can, tabbas don a sayar daban. Wato matacciya aka aiko, aka haɗa da adaftar da za ta yi hayaƙi domin laifin ya koma kan mai saye.

Duk wanda zai sayi irin wannan kaya daga nesa, kada ya yarda da bidiyon da aka ɗauka aka aje. A yi kiran bidiyo kai tsaye, ya kunna ta, sannan ba tare da ya katse ba ya kwance notin nan uku ya nuna maka ciki tana kunne. Ka karanta lambobin manyan ayisin da idonka: 6510 ko 8500 shi ne ƙwaƙwalwar, SID kuma 6581 ko 8580. Waɗannan SID biyun ma ba sa musanyuwa haka kawai, na farko bolt 12 yake ci, na biyu 9. Kusa da lambar akwai wasu alƙaluma huɗu na mako da shekarar ƙira; 2284 na nufin mako na 22 a 1984. Idan duk fanel ɗin na shekara ɗaya ne, guda ɗaya ya fita daban da rubutu mai ƙyalli, ka tambayi dalili. Mai gaskiya zai ce ya canza, ya faɗi da me ya canza. Haka idan kaya ya iso, ka karanta abin da aka rubuta a jikin adafta kafin ta ga soket, ka kuma auna ta da mita. Commodore 64 bolt 5 DC da bolt 9 AC take so. Idan biyar ɗin ya kai 5.4, aje ta. Cikon kuɗi kuwa, sai ka buɗe kwali a tashar, a gaban direba, da sukundireba a aljihunka.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun kuma sanar da bankunanmu, muka ba su rasit ɗin tiransifa da hirarrakin WhatsApp. Asusun da na tura wa kuɗi daban yake da wanda yaron ya tura, sunayen ma daban. A tallarsa ta wannan makon ya ƙara da Amiga 500 da ZX Spectrum, kuma hoton tebur ɗin da ya ɗora su bai canza ba, mai koren leda da ya yage a kusurwa. Idan akwai wanda ya riga ya tura masa kuɗi, ya adana rasit da saƙonnin, kada ya goge, ya neme ni mu haɗa su wuri ɗaya. Wanda kuma ya riga ya karɓi kaya bai jona ba tukuna, ya kawo shago in auna masa adaftar, ba zan karɓi ko sisi ba.