Zenmuse L2 a gandun itacen fain: tsawo tana ganinsa, ƙarfin katako kuwa sai an shiga daji

Kamfanin DJI ya fito da Zenmuse L2 a Oktoban 2023. Na'urar leza ce, wato mai harba haske ƙasa tana auna nisa daga dawowarsa, mai nauyin giram 905, da ake ɗaurawa a ƙarƙashin jirgi marar matuƙi, Matrice 350 RTK ko Matrice 300 RTK. Masu gandun fain irin na Niyu Zilan, inda ake sare bishiya tana da shekara 25 zuwa 30, suna cikin waɗanda za su more ta.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka sa ta fi L1 da ta gabace ta shi ne yawan dawowar haske. Kowane harbi na leza yana iya dawowa har sau 5, a L1 kuwa sau 3 ne. A daji wannan ba ƙaramin abu ba ne: na farko ya bugi kan bishiya, na tsakiya su bugi rassa, na ƙarshe ya ratsa ganye ya taɓa ƙasa. In ba a samu ƙasa ba, babu tsawon bishiya, domin tsawo shi ne tazarar da ke tsakanin kai da tushe. Kamfanin ya ce kuskurenta a tsaye santimita 4 ne daga nisan mita 150, amma wannan lissafin buɗaɗɗen fili ne. A ƙarƙashin inuwar fain kada a sa ran haka.

Ga yadda aikin ke kyau. A tashi jirgin mita 80 zuwa 100 sama da ƙasa, layukan da yake bi yana aunawa su hau juna da kusan rabi, kuma a guji ranar iska, don kan fain siriri ne, in yana kaɗawa sai bishiya ɗaya ta fito kamar biyu. Manhajar DJI Terra za ta haɗa ɗigon, wato wuraren da hasken ya taɓa, daga nan a ware na ƙasa a fitar da tsawon kowane wuri.

Nan ne masu gaggawa ke tuntuɓe. Na'urar ba ta auna kaurin gindi daga sama. Dole a yanki ƙananan filaye masu da'ira a cikin gandun, a auna kaurin kowace bishiya daidai ƙirji, mita 1.4 a ƙa'idar Niyu Zilan, sannan a ɗaure wannan awo da alƙaluman leza kafin a faɗi yawan kubik mita na katako a hekta. Idan na'urar GPS ta kauce wajen saka tsakiyar filin, lissafin ya gurɓace tun daga tushe. Ƙayayuwa masu kauri a ƙasa ma suna yaudarar manhaja ta ɗauke su ƙasa ce, sai bishiyoyi su fito gajeru. Ƙananan da manya suka danne kuwa ba sa shiga ƙidaya.

Batun ingancin katako, gaskiya L2 ba ta da abin cewa kai tsaye. Haskenta a ɓawo yake tsayawa. Doguwar bishiya siririya takan fi ƙwari, wannan alama ce kawai. Mai son sanin ƙarfin katako sai ya ɗauki na'urar sauti irin Hitman ST300 ya bi bishiyoyin a tsaye.

Kuɗin ma ba a na'urar ya tsaya ba: akwai jirgi, batura, da kwamfuta mai ƙarfi. Mai ƙaramin gandu gara ya yi hayar masu aikin.