Da Hannu Ko Na'ura Ta Sabunta Makin Haɗari?

Wani ɗan uwanmu mai kula da kwamfutocin wani kamfani a Ikeja yana duba makin CVSS da hannu duk Litinin. Makin daga 0 zuwa 10 yake, yana nuna munin ɓarakar tsaro a manhajar kwamfuta. Amfanin hannu shi ne ya san wace na'ura ce ke fuskantar intanet. Amma mako guda ya yi tsawo; lokacin da aka gano ɓarakar da ake kira Log4Shell a Disambar 2021, mai maki 10, ɓarayin intanet ba su jira Litinin ba.

Ɗaya hanyar, ƙaramar manhaja ce ke ɗauko makin EPSS kowace rana, wanda ke ƙiyasta yiwuwar kai hari cikin kwana 30. Ita na fi so, ko da yake in wuta ta ɗauke manhajar ta tsaya, shiru za ka ji.