Wane mashin ne zai kai ka Rumsiki ya dawo da kai?

Da ƙanen matata ya sayar da albasarsa bana, gidana ya yo kai tsaye a nan Marwa, arewacin Kamaru. "Yaya, mashin nake so wanda zan riƙa zagaya duwatsun Mandara da shi. Wanne ya fi ƙarfin hawa?" Na ce masa ya zauna tukuna, domin duk faɗuwar da na gani a duwatsun nan a gangara aka yi ta.

Daga Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne, kuma kowane mashin zai kai ka. Bayan Mokolo ne ake sanin na ƙwarai. Hanyar ƙauyen Rumsiki da ke tudun Kapsiki, wadda ta bi ta Mogode, wajen kilomita 50, yadda na san ta tsakuwa ce da ramukan da ruwa ya zaizaye, sai duwatsu da suka leƙo tsakiyar hanya kamar kan tukunya. Ta wajen Koza kuwa kwana ce bisa kwana, kana fita wannan kana shiga waccan, ga rami a gefenka.

Mashin mai siisii 100, irin ƙaramin Boxer na 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, ba shi da laifi a gari, kuma shan mansa kaɗan ne. Kai kaɗai ba kaya, zai lallaɓa ya hau. Ɗora masa mutum na biyu da jaka, sai ka ji yana kuka a giya ta ɗaya, kulochi na ƙauri. Dalili kuwa iska tana raguwa a sama: inji na rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000, kuma tudun Kapsiki ya kai kusan haka. Mai ƙarfi da yawa ba zai ji ba, shi kuwa ƙaramin ba shi da rarar da zai bayar.

Shi ya sa ga yawancin mutane nake nuna na Indiya masu 150, wato Bajaj Boxer 150 ko TVS HLX 150. Tsakaninsu ba na rantsuwa, kowanne da mutanensa. Abin da nake dubawa shi ne a samu mai giya 5, kujera doguwa, da kariyar ɗaura kaya mai ƙarfi a baya. Babbar fa'idarsu ita ce ko a ƙauye ka tsaya, bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya ya san cikinsu, kuma wayar kulochi ko takalmin birki ba sai an aika Garwa ba. Inda suka gaza shi ne tayarsu inci 17 ce, cikinsu kusa da ƙasa, don haka dutse na bugun ƙarƙashin inji. Sa maƙeri ya yi maka farantin ƙarfe a wurin.

Na Sin kuwa, su Haojue da Sanili da Nanfang, ba kudin goro ake yi musu ba. Akwai mai ƙarko, akwai wanda farashinsa kawai ke da daɗi. In aljihu ya kai ka can, je wurin mai gyara ka tambaye shi wanne ne kayansa ke cikin shago yanzu, kuma ka riƙa bin notuna da sifana duk bayan tafiya, don girgizar tsakuwa tana kwance su.

Sai dogayen, waɗanda dama don daji aka ƙera su. Yamaha XTZ125 tayar gabansa inci 21 ce, Honda XR150L kuma 19. Babbar taya tana haye dutsen da ƙarama za ta yi karo da shi, kuma bayanka zai gode maka da yamma. Akwai Yamaha AG200 da ake gani hannun ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji, mai sarƙa a rufe, ƙura ba ta cin ta. Daɗin hawa kam babu kamarsu. Sai dai kuɗinsu ya yi nisa da na Boxer, gajere sai ya yi ɗage kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa, kuma ƙaramin abu in ya karye a Mogode kana iya kwana uku kana jiran mota. Manyan nan na Turawa masu yawon buɗe ido da suka haura kilo 200, a bar su: in ya kwanta a kwana, sai ka tara mutane.

Yanzu maganar birki. Shekarun baya na sauko gangaren Ngaundare, hanyar Garwa, na sa firi wai ina tattalin mai, ƙafata na kan birkin baya tun daga sama. Wajen kwana ta huɗu na taka na ji kamar na taka soso. Birkin ya yi zafi ya daina kamawa, ga tirela a gabana tana rarrafe. Allah ya sa akwai tudun ƙasa a gefe, can na jefa kaina, na tashi da gwiwa a saɓule. Laifina ne, ba na mashin ba. Da giyar da ka hau da ita ake sauka, inji ya riƙe ka. Duk da haka in kana da zaɓi, ɗauki mai birkin faifai a gaba, ya fi saurin hucewa a kan na cikin cibiyar taya. Tsofaffin masu haɗa fetur da baƙin mai, irin Yamaha DT, injinsu ba ya riƙe mutum sosai a gangara.

Mai ma abin lura ne. A sama zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, za ka sha daga kwalba, wani da ruwa, wani da ƙasa. Kafireta ana kwance ta a wanke a bakin hanya, mai famfon lantarki kuwa sai gari. Ni da ƙyalle nake tace nawa. Ƙafa mai waya ta fi ta zubi, don in ta lanƙwashe ana miƙe ta.

Wanda zai sayi na hannu, musamman wanda ya shigo ta Mubi, ya ga takardar duwan, wato kwastan, da kat giriz, wato takardar rajistar mashin, da idonsa, ya gwada lambar jikin mashin da ta takarda, don shingen jandarma ba ɗaya ba ne a hanyar. Kuma saboda halin tsaro, a tambayi mutanen Mokolo kafin a nufi Koza ko Mora, a sauka kafin magariba.

Ƙanen nawa dai HLX 150 ya saya. Canjin da ya rage na hana shi sayen fitilun ado, muka sayi hular kwano, tayar baya mai manyan haƙora, tiyub biyu da famfon hannu. Watan Nuwamba muke jira, ruwa ya ɗauke, mayo, wato rafukan yankin, su bushe.