Yawon Villa d'Este daga Roma: 'yar jagorar ce ta fanshi kuɗin

A Roma akwai ƙananan kamfanonin yawon buɗe ido da ke kwasar mutane a ƙaramar bas zuwa Tivoli, garin da ke kan tudu kimanin kilomita 30 gabas da birnin. Tsarinsu kusan ɗaya ne: da safe kufan fadar Hadrian, sarkin tsohuwar daular Rum, bayan abincin rana lambun Villa d'Este, da yamma a maido ka. Da ɗaya daga cikinsu muka tafi ni da kawuna. Kuɗin da muka biya ya haɗa da mota, tikitin shiga wuraren biyu, abinci da jagora, kuma cikin waɗannan huɗun, matar da ta yi mana jagora ce ta sa nake ba wasu shawarar su je.

Sana'ata aikin ruwa ce, shimfiɗa bututu da ɗora tanki, saboda haka abin da ya ja ni wurin shi ne labarin da na daɗe ina ji, cewa akwai lambu mai maɓuɓɓugai sama da 50 da aka gina tun ƙarni na 16, suna ta feshi ba tare da injin tura ruwa ko ɗaya ba.

Safiyar ba ta burge ni ba. Fadar Hadrian, wadda aka gina a ƙarni na 2, wuri ne mai faɗin gaske, aka bi da mu cikinsa da sauri, 'yar na'urar sauraren da aka rataya mana a kunne kuma tana ta ƙara tana yankewa. Abu ɗaya na riƙe daga can: Pirro Ligorio, wanda ya tsara Villa d'Este, ya yi tone-tone a wannan kufai, kuma daga nan aka kwashi gumaka da duwatsun marmara aka ƙawata sabon lambun da su.

Yau baƙo ta sama yake shiga Villa d'Este. Za ka ratsa farfajiyar tsohon gidan 'yan zuhudu da aka mayar fada, ka bi ɗakuna masu zane a bango da rufi, ka ɓullo kan baranda, sai ga lambun baki ɗaya shimfiɗe a ƙarƙashinka. Yawancin mutane nan suke tsayawa ɗaukar hoto, daga nan su gangara suna leƙa maɓuɓɓugai ɗaya bayan ɗaya. 'Yar jagorarmu ba ta bari mun yi haka ba. Ta ce mu biyo ta, kada mu tsaya ko'ina, ta gangara da mu ta gefe har can ƙasa kusa da katanga, sannan ta ce mu juya. Wasu cikin ayarin sun yi gunaguni a hanya, amma da muka juya kowa ya yi tsit.

Bayaninta shi ne, a zamanin mai gidan manyan baƙi ta ƙofar ƙasa suke shiga, kuma don mai hawa aka tsara lambun. Daga can ƙasa ido na bin doguwar hanya miƙaƙƙiya har ya dire kan fadar da ke ƙololuwar tudu, amma ƙafa ba za ta iya bin ta kai-tsaye ba. Hanyar takan kauce da kai hagu ko dama, ka ji ƙugin ruwa bayan shingen ganye tun ba ka ga inda yake fitowa ba, ka sha kwana ka ci karo da shi. Wanda ya sauko daga sama ya riga ya ga komai daga baranda, babu abin da zai ba shi mamaki. Wannan dabarar ta mayar da mu farkon hanya ita kaɗai ta isa a biya mata kuɗi, domin ko allon bayanai ka tsaya karantawa, da wuya ka yi tunanin yin haka da kanka.

A tsaye muke tsakanin dogayen itatuwan nan masu tsini da ba sa kaɗe ganye ta ba mu tarihin mai gidan. Kadinal (babban limamin cocin Katolika) Ippolito na biyu na gidan Este, ɗan Lucrezia Borgia 'yar Fafaroma Alexander na 6, ya shigo Tivoli a matsayin gwamna a 1550. Ya nemi kujerar Fafaroma sau da dama bai samu ba, sai ya juyar da dukiyarsa da burinsa kan wannan gangare. Aiki ya kankama wajen 1560, ya rasu a 1572 ba a kammala ba. Ba ta ɓoye ɓangaren da ba shi da daɗin ji ba: sai da aka rushe gidajen mutane aka share unguwa kafin a sami filin, masu gidajen kuma sun yi ta kai ƙara. Na ji daɗin da ta faɗi wannan tun a farko, kafin kyan wurin ya rufe mana ido.

Yanzu batun ruwan, wanda shi ya kai ni. Garin Tivoli yana bakin kogin Aniene, a daidai inda kogin ke faɗowa daga tsaunuka. Magina suka haƙa hanya ta ƙarƙashin gari suka jawo ruwan kogin zuwa saman lambun, suka ƙara da na wani marmaro da ake kira Rivellese. Daga nan sauran aikin na gangare ne. Duk mai aikin famfo ya san ƙa'idar: gwargwadon tazarar da ke tsakanin tanki da bakin famfo, gwargwadon ƙarfin ruwan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda suka yi tattalin wannan ƙarfin. Ruwan da ya zubo a babbar maɓuɓɓugar Ovato ba ya wucewa haka nan. Ana tare shi, a raba shi cikin magudanai, ya fito a mataki na gaba a wata siffa, a sake tare shi, har ya kai manyan tafkunan kifi uku da ke ƙasa, inda yake kwanciya luf. Inda suke son ya yi tsiri sama sai su matse bakin bututu, inda suke son labulen ruwa sai su shimfiɗa masa faffaɗan dutse. Na tambaye ta yadda ake fama da toshewa, tun da ruwan yankin yana da farar ƙasa mai daskarewa cikin bututu. Ba ta kauce wa tambayar ba. Ta nuna mini farin ɓawon da ya taru a leɓen wani kwano, ta ce sharar bututai aiki ne da ba ya ƙarewa a nan, shi ya sa wani lokaci za ka tarar an rufe maɓuɓɓuga ɗaya ana gyara.

Wurin da na fi daɗewa shi ne layin da suke kira Cento Fontane, wato maɓuɓɓugai ɗari. Doguwar hanya ce da ta haura mita 100, bango ɗaya na gefenta ruwa ne zalla a hawa uku. A sama akwai siffofin gaggafa, furanni da ƙananan jiragen ruwa, alamomin gidan Este da na coci, a ƙasa kuma jerin fuskokin dabbobi, kowace na tofo siririn ruwa cikin magudana. Gansakuka da ƙananan ganyaye sun lulluɓe dutsen, har wasu fuskokin sai ka sunkuya kafin ka gane ido da hanci. Na durƙusa gaban guda ɗaya ina duban bakin bututun, bai fi kaurin yatsa ba, kuma ƙarfin zubarsa daidai yake da na maƙwabcinsa da na can ƙarshen layi. Wanda ya taɓa ƙoƙarin daidaita famfuna goma a kan bututu guda ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Iskar wurin ma ta fi ta sauran lambun sanyi, kawu ya cire hula ya tsaya yana shaƙa.

A tsakiya akwai maɓuɓɓugar dodanni huɗu, wadda aka danganta da ziyarar Fafaroma Gregory na 13 a 1572, domin dodo ne tambarin gidan su Fafaroman. Matakala biyu sun kewaye ta, kuma a kan madafar hannun kowace an sassaƙa 'yar magudana, ruwa na gudu a ciki. Kana hawa, yatsunka na cikin ruwan sanyi.

'Yar jagorar ta auna lokacinta yadda muka isa gaban maɓuɓɓugar ogan, kayan kiɗan nan mai jerin bututai irin na manyan coci-coci, ana saura kaɗan ya fara, don ba ya kiɗa sai bayan kowace awa biyu. Ƙwararru daga Faransa, Luc Leclerc da Claude Venard, su suka ƙera na asali. Ruwa ne ke faɗawa cikin rufaffen ɗaki ya koro iska zuwa bututan, wani ruwan kuma ya juya wata ganga mai haƙora da ke buɗe su bi da bi. Sautin siriri ne, gajere, ƙarar ruwan da ke kewaye na neman danne shi, kuma wanda ya zo don kiɗa zai ce bai taka kara ya karya ba. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, saboda babu hannun kowa a ciki. Ta kuma yi mana adalci wajen bambance tsoho da sabo: babbar maɓuɓɓugar Neptune da ke ƙarƙashin ogan, wadda ta fi kowace fitowa a hotuna, a ƙarni na 20 aka yi ta, bayan gidan ya koma hannun gwamnatin Italiya. Inuwar da muke sha ma daga baya aka samu, lambun farko ya fi haka buɗewa, da gajerun shinge da rumfunan ganye. A 2001 UNESCO ta saka wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Kamfanin yana da laifinsa, kuma babba ne. A shafinsu sun rubuta cewa tafiyar ƙafa kaɗan ce. Wannan ba gaskiya ba ne. Lambun a jikin tudu yake, matakala ce bayan matakala, wasu duwatsun kuma da santsi saboda feshi. Kawu yana fama da gwiwa, da muka kai rabin hawa na ga yana dafa bango.

"Kawu, mu zauna nan tukuna, su wuce."

"A'a ɗana, tun da na zo sai na ga ƙarshensa. Riƙe mini jakar dai."

'Yar jagorar ta lura, ta rage sauri, ta bi da mu ta hanyoyin gangare marasa matakala inda akwai su. Hankalinta ne ya gyara abin, amma tun wurin sayar da tikiti ya kamata a gaya wa mutum gaskiya, ya san ko zai taho da dattijo.

Abincin rana ma ya ci lokaci fiye da kima, a wani gidan abinci da suka riga suka zaɓa, ba ka da ta cewa. A sani cewa da yawa daga taliyar yankin Roma da naman alade ake haɗa ta, saboda haka wanda ba ya ci ya faɗa tun lokacin biyan kuɗi. Lokacin da aka ɓata a kan tebur shi aka zaftare daga lambun, ga direba na ta kiran waya tun muna gaban Rometta, 'yar ƙaramar siffar birnin Roma da aka gina a ƙarshen layin maɓuɓɓugai ɗari. Mai zuwa da yara kuma ya san cewa akwai gumakan allolin Rumawa da Girkawa ko'ina, wasu babu sutura.

Kafin ka biya kowane kamfani, tambaye su abu uku: awa nawa za a yi cikin lambun kansa, ko jagoransu daga ƙasa yake farawa, ko kuma za a riski lokacin ogan. In amsar ba ta gamsar da kai ba, akwai jirgin ƙasa daga tashar Tiburtina da bas daga Ponte Mammolo, duka suna zuwa Tivoli, sai ka sayi tikitinka a ƙofa ka yi yininka yadda kake so. Ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, ka kuma tafi da ruwan shanka a gora, domin an gargaɗe mu cewa na maɓuɓɓugan ba na sha ba ne.