Frayar waje mara mai: na gwada ta da bekon a istiraha

Tun kafin wani ya hau ni da wa'azi, bekon na naman shanu nake nufi, wanda ake saidawa a fakiti a manyan kantunan nan Jidda, ɓangaren firji kusa da su mortadella. Na alade ai ko da fitila kake yawo ba za ka gan shi a kanti a Saudiyya ba. To khalas, mun wuce nan.

Frayar irin ta waje ce mai aiki da gas, kamar ƙaramin duro a tsaye da kwandon waya a ciki. Amurkawa ne suka yi ta don talotalon da suke ci a bikinsu na watan Nuwamba, maimakon su cika ƙatuwar tukunya da mai tana tafasa a tsakar gida har a yi gobara. A jikin kwali an rubuta tana ɗaukar talotalo mai wajen kilo 7. Ni don kaza na saya, kazar kuma ba laifi, ba a kanta zan tsaya ba.

Ranar Juma'a muka kama istiraha (gidan shaƙatawa na haya) ta wajen Abhur, bakin tekun Jidda, mu da dangin maman yara, yaran nan tun a mota suke damuna wai sai an yi musu bekon mai garas-garas irin wanda suke gani a TikTok. Na ce ai abu mai sauƙi, na buɗe fakiti na shimfiɗa yankan a ƙasan kwando na zura. Wallahi abin kunya. Bakin ya ƙone, tsakiya kuma laɓo-laɓo kamar ganda da ba ta dahu ba, rabi ya manne a jikin waya sai da na sa cokali ina kankara. Ashe zafin abin daga bangon duron yake fitowa, wutar tana zagaye a ƙasa tana gasa ƙarfen, ƙarfen kuma ya feso zafi ta ko'ina zuwa tsakiya, yani duk abin da ka kwantar a gindi bai samu rabonsa ba. Kawun maman yara yana zaune kan darduma da shayinsa yana kallona, ya ce "ɗan nan, da kuɗin tukunyar nan ka kai wa mai tsire a Share Mansur ta Makka da har yanzu muna ci." Kowa ya kwashe da dariya, ni kuwa gumi kawai nake.

Maman yara ce ta cece ni. Ta zo ta leƙa ta ce "Abban yara, ka shanya su mana kamar wanki." Muka ɗauko tsinken ƙarfe na kebab guda 4 muka gitta a saman kwandon, kowane yanka muka ninka shi biyu a kan tsinke yana reto, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa, na ɗora murfin ragar a sama. Daga nan sai ka ji ɗis, ɗis, kitse yana sauka, ba hayaƙi sosai, ba fantsamar mai a hannu irin ta kasko wadda har yanzu ina da tabonta a wuyan hannu. Minti 12 na duba agogo na ciro. Ya Salam. Sun miƙe ja-wur, ka ɗaga ɗaya a hasken fitila kana hango ta cikin kitsen, minti ɗaya da shan iska ya koma rumus, ka karya ka ji ƙas. Babu wannan maiƙon da yake kwanta maka a dasashi.

Kawu da ya gama yi min tsiya shi ya fara miƙo hannu. Ya tauna ya yi shiru, ya ce a ɗauko masa yajin da ke cikin jakarsa (mutumin nan ba ya zuwa ko'ina ba yajin ƙuli, har Madina da shi yake tafiya), ya barbaɗa ya ƙara taunawa ya ce "to wannan ai ƙanin kilishi ne, saura kaɗan ya kamo na Agadasawa." Wanda ya san Kawu ya san ba a samun yabo a bakinsa da arha. Fakiti 3 suka tashi a wajen, ni guda biyu kacal na samu. A daren nan da an ce in ba da taurari da 5 zan danna ba tunani.

Amma yanzu da nake rubutun nan abin da na sha kafin ranar yana dawo min. Kan tiyon da ta zo da shi na Amurka ne, ba ya shiga tukunyar gas ɗinmu ta nan sam, kuma mai saidawa bai ce uffan ba, da na yi masa magana sai ya turo min "mafi mushkila ya akhi" (wai ba matsala ɗan'uwa) ya ɓace. Shago 3 na zaga cikin zafin rana kafin wani dattijo mai kayan gas ya canza min kan da tiyon, ya gwada da ruwan sabulu ya ga ba ya yoyo. Wannan ma kuɗi ne daban. Wanda bai san kan gas ba don Allah kar ya yi wannan haɗin da kansa.

Sannan tawa ba ta da wajen rage wuta, ko a kunne ko a kashe, shi ke nan. Zubi na ƙarshe na bari na je sallar isha'i, ban yi minti 20 ba na dawo na tarar da gawayi a rataye. Iskar teku ma sau biyu tana kashe min ita sai da muka kare ta da tebur.

Wanki kuwa kar a yi magana. Kitsen shanu da ya huce daskarewa yake fari fat kamar kyandir, kwandon waya ne mai lungu-lungu, na kwashe kusan awa da ruwan zafi da soson ƙarfe. Tiren da ke tare kitsen ɗan mitsitsi ne, na manta ban zubar ba na cusa frayar a bayan mota, yau kwana 9 Camry ɗina tana warin mahauta, na wanke kafet sau biyu a banza.

Don haka 3 da rabi zan ba ta, rabin ma albarkacin bekon ɗin ne. Idan kana da fili ko kana yawan fita kashta (shaƙatawa a bayan gari), kuma za ka shimfiɗa takardar alminiyom a tiren tun farko, saya. Idan a shugga (falat na gidan bene) kake hawa na uku kar ka soma, ba a kunna ta a cikin gida. Kawu dai ya riga ya aiko wai in ajiye masa ita zuwa layya zai gwada rataye haƙarƙari, na ce to Kawu, amma a motarka za a ɗauka.